Ɗan Wasa Ya Daɗe Yana Jinya: Tambayoyin da Magoya Baya Ke Yawan Yi, da Abin da Ya Faru da Santi Cazorla

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san abin da ke faruwa kafin a take wasa, lokacin da jerin 'yan wasa ya fara shigowa wayoyi alhali mai gidan kallo yana can yana fama da janareta. Wani zai ɗago kai daga benci ya ce, "Yau ma babu shi," na kusa da shi kuma ya amsa cewa wannan ba rauni ba ne, da walakin goro a miya. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, an riga an yanke wa ɗan wasan hukunci iri uku ko huɗu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa a irin wannan zama, kuma na gina yawancin amsoshin a kan jinyar Santi Cazorla a Arsenal, domin ita ce wadda aka daɗe ana shaci-faɗi a kanta, daga baya kuma mai ciwon ya fito da bakinsa ya faɗi abin da ya faru.

Wane ne Cazorla, kuma mene ne ya same shi?

Cazorla ɗan wasan tsakiya ne ɗan ƙasar Sifaniya wanda ya zo Arsenal daga Malaga a 2012, yana taka leda da ƙafa biyu kamar duk dama ce, kuma shi ne ya ci bugun tazarar da ya farfaɗo da Arsenal a wasan ƙarshe na kofin FA na 2014, bayan Hull City ta zura ƙwallo biyu tun farkon wasa. Ranar 19 ga Oktoba 2016 ya buga wasan gasar Zakarun Turai da Ludogorets, wanda Arsenal ta ci 6-0, aka cire shi bayan hutun rabin lokaci, kuma daga wannan dare bai sake buga wa Arsenal wasan gasa ba.

Asalin ciwon ya girmi wannan dare. Tun a watan Satumba 2013 ya ji rauni a idon sawunsa na dama a wasan sada zumunci tsakanin Sifaniya da Chile, ya ci gaba da wasa a kansa shekara uku yana cije haƙora. A Disamba 2016 Arsenal ta sanar cewa za a yi masa tiyata a Suwidin, kuma zai yi kimanin wata uku. Sai da aka yi kwana 636 kafin ya sake shiga fili, a wasan share fage da Villarreal ta buga a watan Yuli 2018.

To yaya wata uku ya zama kusan shekara biyu?

Ranar dawowa da kulob ke bayarwa ƙiyasi ne da aka gina a kan abin da aka saba gani idan komai ya tafi daidai, ba alkawari ba ne. A wajen Cazorla abin bai tafi daidai ba, domin wurin da aka yanka ya ƙi haɗewa. A ɗinke, ya fara atisaye kaɗan, ɗinkin ya sake buɗewa yana fitar da ruwa, a koma ɗakin tiyata. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga ciki suna aiki a ɓoye, kuma sai da ya koma ƙasarsa, wajen Dakta Mikel Sánchez a garin Vitoria, aka gano cewa sun cinye kimanin santimita 8 na agararsa, wato babbar jijiyar nan da ke bayan diddige, har sun taɓa ƙashi. Aka ɗora shi a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokaci, aka sake gina agarar, aka yanko fata daga hannunsa na hagu aka rufe wurin. Fatar tana ɗauke da wani ɓangare na zanen sunan 'yarsa da ya yi a hannun, shi ya sa har yau rabin sunan ke hannu, rabi kuma a idon sawu.

Duk wannan bai fito fili sosai ba sai a watan Nuwamba 2017, lokacin da ya yi hira da jaridar Marca, aka buga hoton ƙafar. A lokacin an yi masa tiyata takwas, daga baya kuma aka ƙara. Ya ce an taɓa gaya masa cewa idan har ya samu ya sake yin tafiya a lambun gida tare da ɗansa, to ya gode, kuma an yi fargabar yanke ƙafar. Shekara guda cur magoya baya suna ta lissafin ko zai dawo watan gobe, alhali maganar da ake yi a asibiti ita ce ko ƙafar za ta tsira.

Me ya hana kulob fitowa ya faɗi gaskiya tun farko?

Dalilai uku ne suka fi yawa, kuma ba duka ne na rashin gaskiya ba. Na farko, ciwo sirrin mai shi ne, kuma likitan kulob likita ne kamar kowane likita, ba shi da ikon bayyana abin da mara lafiya bai yarda a bayyana ba. Na biyu, sau da yawa kulob ɗin ma bai sani ba, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna. Koci yana maimaita wa 'yan jarida abin da aka gaya masa da safe ne kawai. Na uku shi ne na son kai: ba a son abokin hamayya ya san wanda zai buga, kuma ba a son darajar ɗan wasa ta faɗi a kasuwa idan ana da niyyar sayar da shi.

Misalin da ya fi fito da dalili na farko shi ne na Darren Fletcher na Manchester United. A 2011 ya ɓace daga fili aka ce wata 'yar rashin lafiya ce da ya ɗauka, mutane suka yi ta mamakin irin rashin lafiyar da ke ramar da ɗan ƙwallo haka. A Disambar shekarar aka bayyana cewa ciwon gyambon babban hanji ne yake fama da shi, irin wanda ke sa mutum zaryar banɗaki da zubar jini. Aka yi masa tiyata a Janairu 2013, ya dawo wasa a Disamba 2013. Masu cewa ana ɓoye wani abu sun yi gaskiya a wannan karon, sai dai abin da aka ɓoye ciwo ne da mutum ke jin nauyin faɗa a bainar jama'a, ba abin kunya da ya aikata ba. A ganina wannan shi ne kuskuren da aka fi yi a majalisa: ana gane cewa akwai ɓoye-ɓoye, sai a yi tsalle a ɗauka laifi ake rufewa.

Ba lambo yake yi ba kuwa, tun da albashinsa na shiga ko ya buga ko bai buga ba?

Gaskiya ne cewa a manyan gasannin Turai kwantiragi yana kare albashin ɗan wasan da ya ji rauni a bakin aiki, kuma wannan yana ƙona ran mai goyon bayan da ya biya kuɗin kallo daga abin da ya samo da gumi. Amma lissafin lambo ba ya fita idan aka zauna aka yi shi. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce, akwai kuɗaɗen da ba ya samu sai ya buga, kuma kwantiraginsa na gaba ya dogara ne a kan abin da aka gani a ƙafarsa a kakar da ta wuce. Cazorla ya shiga jinya yana da shekara 31, ya fito yana da 33, ba shi da kulob, sai da ya je ya yi atisaye da Villarreal suka gamsu kafin su ba shi kwantiragi. Ba mai hankalin da zai zaɓi wannan hanya don hutu.

Wanda aka fi yi wa wannan zargi a zamaninmu shi ne Neymar, har aka mayar da abin barkwanci cewa duk watan Maris, lokacin bikin ranar haihuwar ƙanwarsa, sai ya samu rauni ko dakatarwa. Biri ya yi kama da mutum, domin hakan ya faru shekaru da dama a jere. Sai dai raunin da ya ji a Fabrairu 2018 a wasa da Marseille tsagewar ƙashin ƙafa ne da aka yi wa tiyata a Belo Horizonte, wata uku kafin gasar cin kofin duniya, wanda ya ji a Oktoba 2023 a wasan Brazil da Uruguay kuwa tsinkewar jijiyar gwiwa ne da ya hana shi wasa shekara guda. Ana iya sukar yadda yake tafiyar da rayuwarsa, amma hoton ƙashi ba ya lambo.

Ko dai an kama shi da ƙwaya ne aka dakatar da shi a ɓoye, aka fake da rauni?

Wannan zargi yana da ɗan tushe a tarihi, shi ya sa ya ƙi mutuwa. A 2011 wani shirin talabijin a Ingila ya bankaɗo cewa hukumar ƙwallon ƙasar tana sakaya sunayen 'yan wasan da aka samu da ƙwayoyin maye a gwajin da aka yi ba ranar wasa ba, kuma irin wannan dakatarwa ta ɗan gajeren lokaci ce, wadda za a iya rufewa da sunan jinya.

Ƙwayoyin ƙara kuzari kuwa hukuncinsu ya fi ƙarfin ɓoyewa, domin hukumomi da yawa ne ke da hannu a ciki kuma ana ɗaukaka ƙara a fili. André Onana na Kamaru, yana Ajax a Fabrairu 2021, an dakatar da shi wata 12, kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa 9. Paul Pogba ya faɗi gwajin da aka yi masa bayan wasan Juventus da Udinese a Agusta 2023, aka yanke masa shekara huɗu a Fabrairu 2024, kotun ta mayar da shi wata 18. Duk duniya ta ji. Don haka idan ɗan wasa ya haura rabin shekara ba ya nan, kuma babu wata hukuma da ta ce uffan, bayanin ƙwaya shi ne mafi rauni a cikin dukkan bayanan da ake kawowa.

Kila rigima ce da koci, ko yana son a sayar da shi?

Yana faruwa, kuma lokacinsa sananne ne. A Agusta 2017 Liverpool ta ce Philippe Coutinho na fama da ciwon baya, a daidai lokacin da Barcelona ke nemansa kuma shi ya miƙa takardar neman tafiya. Ƙarshen watan ya buga wa Brazil wasa da Ecuador har ya ci ƙwallo. Kowa ya fassara abin yadda ya ga dama. Alamar irin wannan jinya ita ce tana farawa da buɗe kasuwar 'yan wasa, tana warkewa da rufe ta, kuma ba ta kai mutum ɗakin tiyata. A wajen Cazorla akasin haka aka gani, domin yana tsakiyar jinya Arsène Wenger ya sa aka tsawaita masa kwantiragi da shekara guda.

Mun gan shi a bidiyo yana gudu yana dariya, me ya hana a sa shi?

Bidiyon daƙiƙa 20 da kulob ya ɗora a Instagram ba ya nuna abin da ƙafar ta yi washegari. Dawowa daga babban rauni hawa-hawa ce: motsa gaɓa a hannun masu gashin ƙashi, sai keke da ruwa, sai gudu a miƙe, sai gudu da juyawa da birki, sai taɓa ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye da 'yan uwansa ba tare da an taɓa shi ba, sai cikakken atisaye, daga nan wasu mintoci daga benci. A kowane mataki ana jira a ga ko wurin zai kumbura ko ya yi zafi, idan ya yi kuma a koma baya. Gudu a miƙe shi ne mafi sauƙi a cikinsu, kuma shi ne wanda aka fi ɗauka a bidiyo.

Akwai kuma abin da magoya baya ba sa sa wa a lissafi, wato sauran jikin. Mutumin da ya yi wata shida yana lallaɓa ƙafar dama ya ɗora nauyi a kan ta hagu, naman cinyarsa ya saki, don haka yakan warke daga ciwon farko sai wani sabo ya ɓullo a sha-raɓa ko a bayan cinya. A nan ne ake jin an ce ya sami koma baya, mai kallo kuma ya ɗauka tsohuwar ƙaryar ce aka sabunta.

Me ya sa ba a yi masa tiyata tun ranar farko an huta ba?

Saboda wuƙa tana da nata haɗari, kamar yadda ƙwayoyin cutar da suka shiga ƙafar Cazorla suka nuna a amsa ta biyu, kuma wasu raunukan suna warkewa da hutu da gashi kawai. Likita kan shimfiɗa hanyoyi biyu, ɗan wasa ya zaɓa, kuma zaɓin yakan zo da gasar da ke gabansa a zuciya. Pogba ya ji rauni a guringuntsin gwiwarsa ta dama a Yuli 2022, lokacin rangadin Juventus a Amurka, kwanaki kaɗan bayan ya koma kulob ɗin. Ya ƙi tiyata da farko don kada ya rasa gasar cin kofin duniya ta Katar, ya gwada jinya ba yanka, abin bai yi ba, aka yi tiyatar a Satumba, ya rasa gasar, kuma bai buga wa Juventus wasa ba sai ƙarshen Fabrairu 2023. Sauri ya haifi nawa. Wanda ke kallo daga nesa sai ya ga kamar sakaci ne ko wasa da hankali, alhali caca ce aka yi da ƙafa aka faɗi.

Da a wajenmu ne, ai mai ɗori zai tayar da shi cikin 'yan makonni. Me ya gagari likitocinsu?

Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, ba dariya ba, domin kusan kowa ya san wanda ya karye aka ɗora shi da karare da tsumma, ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Abin lura shi ne ƙashi yana da wadatar jini, kuma karaya mai sauƙi idan aka daidaita ta aka hana ta motsi, jiki da kansa yake haɗe ta. Yawancin raunukan da ke cinye kakar wasa ba na ƙashi ba ne. Jijiyar da ke tsakiyar gwiwa idan ta tsinke gaba ɗaya ba a ɗora ta daga waje; likita kan yanko wata jijiya daga cinya ko daga gaban gwiwa ya dasa a madadinta, sannan a jira watanni dashen ya kama ya yi ƙarfi. Agara da guringuntsi ma jinin da ke isa gare su kaɗan ne, shi ya sa warkewarsu ke da nawa. Virgil van Dijk ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan Liverpool da Everton a Oktoba 2020, kuma duk da cewa jinyarsa ta tafi lami lafiya, sai a farkon kakar da ta biyo baya ya dawo.

Sannan ma'aunin warkewa ya bambanta. Mutum ya taka ya je kasuwa ko ya hau babur, mu a wajenmu ya warke. Ɗan wasan Firimiya kuwa ana bukatar ƙafar ta ɗauki gudun kilomita 10 ko fiye, da tsalle da juyi, da takalmin mai tsaron baya a kanta, sau biyu a mako. Da yawa daga 'yan ƙwallon unguwa da aka ce sun warke daga targaɗen gwiwa, idan aka lura, sun daina wasa ne a hankali saboda gwiwar na kuɓuce musu.

Mutum ɗaya kullum shi ne a gadon jinya. Ba sammu ko kambun baka ba ne?

Ba zan shiga muhawarar abin da ke zuciyar kowa ba, amma a mafi yawan waɗanda ake kira masu jikin gilashi akwai rauni na farko da za a iya nunawa da yatsa. Abou Diaby na Arsenal yana ɗan shekara 19 lokacin da ɗan wasan Sunderland, Dan Smith, ya karya masa idon sawu a watan Mayu 2006. Gaɓar da ta karye irin wannan karaya ba ta komawa yadda take, takun mutum yana canzawa, kuma raunukan nama da suka bi shi shekara da shekaru sun biyo bayan wannan rana ne. Hanzarin dawo da ɗan wasa kafin ya gama warkewa, wanda aka yi bayaninsa a amsar bidiyon atisaye, yana ƙara wa abin tsawo.

Ta yaya mai goyon baya zai bambance labari mai tushe da shaci-faɗi?

A fara da duba ko an ambaci sunan ciwon da wurinsa. Sanarwar da ta ce an yi tiyata a gwiwa ranar kaza ta fi wadda ta ce ana duba shi kullum nauyi. A lura da ko ana ganinsa a filin atisaye ko a rumfar kallo tare da 'yan uwansa, domin wanda ya yi rigima da kulob akan nisanta shi. A kuma tambayi inda labarin ya samo asali, saboda yawancin abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan majiya daga cikin kulob hoton rubutu ne da ba a san wanda ya fara shi ba. Idan kuma kulob ya nemi a mutunta sirrin ɗan wasa, galibi maganar ta wuce ƙafa, ta zama ta rashin lafiya ko ta iyali. 'Yan Najeriya sun san irin wannan tun 1996, lokacin da Nwankwo Kanu ya dawo da zinaren Olamfik daga Atlanta yana ganin lafiyarsa ƙalau, gwajin likitocin Inter Milan ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamba. Babu wanda zai iya hango wannan daga kallon wasansa da Brazil.

Wanda ya daɗe haka yana dawowa yadda yake a da?

Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa, kuma tsawon jinyar kaɗai ba ya nuna ɓangaren da mutum zai faɗa. Diaby ya bar Arsenal a 2015, ya gwada a Marseille abin bai yi ba, ya sanar da ritaya a 2019 yana da shekara 32. Neymar ya buga wa Al-Hilal wasa 7 kacal kafin ya koma Santos a Janairu 2025. Kanu ya zo Arsenal a 1999, a shekarar kuma ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka.

Cazorla kuwa, a ranar da Villarreal ta gabatar da shi ga magoya baya a Agusta 2018, sai aka kawo mai wasan rufa-ido ya cika wani bututun gilashi da hayaƙi a tsakiyar fili, hayaƙin ya washe sai ga shi a ciki yana murmushi. A Janairu 2019 ya zura wa Real Madrid ƙwallo biyu a wasan da aka tashi 2-2, a shekarar kuma Sifaniya ta sake kiransa. Ya tafi Al Sadd ta Katar a 2020, sannan a 2023 ya koma Real Oviedo, kulob ɗin da ya raine shi tun yana yaro, a kan mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya. A watan Yuni 2025, yana da shekara 40, ya ci bugun fenariti a wasan ƙarshe da Mirandés, Oviedo ta hau La Liga bayan shekara 24.